Yadda Ake Zaga Tsibirin Rodos na Ƙasar Girka, Daga Neman Biza Har Hawa Dutsen Lindos

Idan aka ce tsibiran Girka, hoton da ke fara zuwa ran mutane shi ne na Santorini, fararen gidaje da shuɗayen ƙubbobi a bakin dutse. Wurin yana da kyau, babu musu, amma kwana biyu sun ishe ka ka gama da shi, kuma tsadarsa sai mai ƙarfi. Wanda ya taso daga nesa, ya sha jelen biza, ya biya kuɗin jirgi, wataƙila ma da iyali, Rodos ya fi biyansa wahalarsa. A nan akwai tsohon birni mai ganuwa wanda har yau mutane ke kwana su tashi a cikinsa, akwai kufai da suka haura shekara dubu biyu, akwai teku, akwai kuma masallacin da ake Juma'a a ciki.

Tsibirin yana can kusurwar kudu maso gabashin Girka, kilomita 18 kacal daga gaɓar Turkiyya. Tsawonsa kusan kilomita 80, faɗinsa 38, mazaunansa kimanin 125,000. A tikitin jirgi za ka ga an rubuta Rhodes, amma mutanen wurin Rodos suke cewa. Abin da ke raba wanda ya more tafiyar da wanda ya dawo a galabaice abu biyu ne: sanin sa'ar da ake zuwa kowane wuri, da sanin ɓangaren da iska ke bugawa. Duk tsarin da ke ƙasa a kan waɗannan biyun aka ɗora shi.

Mataki na 1: biza da hanya

Girka tana cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, saboda haka bizar Shengen za ka nema. Ƙa'idarsu ita ce ka nema a ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta. Mutumin Najeriya zai bi ta ofishin jakadancin Girka da ke Abuja, na wata ƙasa kuma ya bincika ofishin da ke karɓar takardu a madadin Girka. Kuɗin biza na babba Yuro 90 ne tun watan Yunin 2024. Za a nemi fasfo mai sauran aƙalla wata uku bayan ranar dawowarka, da shafi biyu da ba a buga komai a kai ba, da inshorar lafiya ta Yuro 30,000, da shaidar masauki, da shaidar kujerar jirgi ta zuwa da dawowa, da bayanan asusun banki, da takardar da ke nuna kana da abin da zai dawo da kai gida, aiki ko kasuwanci ko makaranta. Ana karɓar takardu tun saura wata shida. Kada ka jira sai saura mako uku, domin daga Afrilu layin masu nema yake tsawo.

Babu jirgin da zai ɗauke ka daga gida kai tsaye. Za ka bi ta Alƙahira ko Istanbul ko Doha zuwa Atina, daga can jirgin cikin gida ya kai ka Rodos cikin kusan awa guda. Akwai kuma jirgin ruwa daga tashar Piriyas, amma kwana ake yi a hanya, awa goma sha wani abu. Filin jirgin tsibirin, Diyagoras, yana kilomita 14 daga gari, kuma bas tana wucewa ta bakin titinsa. Kuɗinsu Yuro ne. Ka gwada katin bankinka tun a gida ka tabbata yana aiki a waje, ka kuma riƙe tsabar kuɗi. Idan abin da ke hannunka ya kai Yuro 10,000, dole ka bayyana wa kwastan.

Mataki na 2: wata, da ɓangaren da za ka sauka

Mafi daɗin lokaci shi ne Mayu zuwa tsakiyar Yuni, sai kuma Satumba zuwa farkon Oktoba. A Satumba ruwan teku ya riga ya ɗumama, jama'a sun ragu, farashi ya fara sauka. Yuli da Agusta su ne ganiyar cunkoso da zafi. Kada ka ce ai kai mutumin Sakkwato ne ko Damagaram, rana ba ta ba ka tsoro. A gida da tsakar rana inuwa kake nema. A nan kuwa matakala za ka riƙa hawa a kan farin dutse mai mayar da hasken rana cikin ido. A irin wannan zafin ne gobarar daji ta tashi a Yulin 2023, har aka kwashe mutum kusan 20,000 daga yankunan Kiyotari da Gennadi. Lambar gaggawa 112 ce, kuma idan wani abu ya taso saƙo yakan shigo wayar duk wanda ke yankin. Daga Nuwamba zuwa Maris kuwa yawancin otal na bakin teku a rufe suke.

Sai batun iska. Da bazararsu akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗowa daga arewa maso yamma, suna ce mata meltemi. Ita ta raba tsibirin biyu. Gaɓar yamma, wajen Iksiya da Iyalisos, tana da sanyi-sanyi da igiyar ruwa da tsakuwa, ta masu wasan tsere ce a kan ruwa. Gaɓar gabas ruwanta a kwance yake, akwai yashi, amma zafi ya fi. Mai ƙananan yara ya nufi gabas.

Shawarata ita ce ka raba kwanakinka. In kana da shida, yi uku a garin Rodos, a cikin ganuwa ko kusa da ita, uku kuma wajen Lindos ko Pefkos ko Kolimbiya. Faliraki tana da masaukai masu araha, amma tsakiyarta wurin mashaya ne da kiɗan dare, mai iyali ya duba taswira da kyau kafin ya biya. Otal za su karɓi wani ɗan haraji na gwamnati a kan kowane ɗaki kowane dare, ban da kuɗin da ka biya ta intanet, ba cuta ba ce.

Mataki na 3: tsohon gari, kuma ka shige shi sau biyu

Kafin ka taka ƙofa, ka san waɗanda suka gina abin da za ka gani. An kafa garin a shekara ta 408 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da tsofaffin birane uku na tsibirin, Lindos da Iyalisos da Kamiros, suka haɗa kai. Ganuwar da ke tsaye yau aikin Baraden Yohanna ne, wata ƙungiyar mayaƙan Kirista da ta fito daga Ƙudus bayan yaƙe-yaƙen gicciye, ta kama tsibirin wajen 1309. Rundunar Sarkin Turkawa Muhammadu al-Fatih ta kewaye su a 1480, ba ta ci nasara ba. A 1522 Sarki Sulaiman ya zo da kansa, aka yi wata shida ana gwabzawa, a ƙarshe ya bar su suka fita da makamansu ranar 1 ga Janairun 1523. Daga baya suka zauna a Malta. Turkawa suka riƙe garin kusan shekara 390, Italiya ta ƙwace a 1912, sannan aka haɗa tsibirin da Girka a hukumance a 1948. Hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1988.

Ka fito da ƙarfe takwas na safe. Manyan jiragen ruwa na 'yan yawon shaƙatawa suna tsayawa dab da ganuwa, kuma daga ƙarfe goma dubban mutane ke kwararowa bayan masu ɗaga tuta. Sa takalmi mai kaurin ƙasa. Lungunan garin da ƙananan duwatsun teku aka daɓe su, an kafa su a tsaye gefe da gefe, silifa ba ta awa biyu a kansu ƙafa ba ta yi tsami ba.

Shiga ta Ƙofar Ambuwaz, wadda aka gama a 1512. Ita ce mafi ƙwari cikin ƙofofin. Za ka haye gada, ka wuce tsakanin hasumiya biyu masu kauri, hanya ta karkace, ka sake tarar da wata ƙofar, sannan wata. An yi haka ne don maharin da ya fasa ta farko ya tsinci kansa a tarko. Tana fitar da kai kusa da Fadar Shugaban Barade, wadda ita ce wurin da kowa ke ɗaukar hoto. Gaskiyar magana, yawancin abin da za ka gani a cikinta ba na zamanin barade ba ne. A 1856 albarushin da aka ajiye a ƙarƙashin wani gini na kusa ya fashe, ya rushe fadar, ya kashe ɗaruruwan mutane. Italiyawa suka sake gina ta a ƙarshen shekarun 1930 don sarkinsu da shugaban gwamnatinsu Musolini. Abin da ya cancanci kuɗin shigarka shi ne daɓen ɗakunan sama, zanen ƙananan duwatsu masu launi da aka ciro daga tsibirin Kos, da kuma baje kolin tarihin garin a ƙasa. Awa ɗaya ta isa. A wurin sayar da tikitin ka tambayi sa'ar da ake buɗe hawan ganuwa, domin 'yan sa'o'i kaɗan ne a rana.

Daga fada ka gangara Titin Barade. Baraden sun kasu ne bisa harshe, kowane rukuni da masaukinsa, na Faransa, na Italiya, na Sifaniya, da sauransu, kuma har yau tambarinsu na nan sassaƙe a bisa ƙofofi. Babu kanti ko ɗaya a titin, shi ya sa da sassafe yake da kwarjini. A ƙarshensa akwai asibitin barade, wanda aka gina tsakanin 1440 da 1489, yanzu gidan adana kayan tarihi. Ko ba ka damu da tukwane da sassaƙe-sassaƙe ba, ka hau sama ka ga dogon zauren majinyata, ka zauna a lambunsa ka huta. Mai tafiya da yara ya sani cewa gumakan Girkawan dā da yawansu tsirara aka sassaƙa su.

Yanzu ka nufi titin Sokratus, kasuwar garin. Kayan tsaraba ne jere, rabinsu ba a tsibirin aka yi su ba, ka wuce su. A saman titin akwai Masallacin Sulaiman mai jan bango, wanda aka fara ginawa bayan cin garin, aka sabunta shi a 1808. Yawanci a rufe yake, ba a salla a ciki. Abin da mutane ke wucewa ba su lura ba yana daidai gabansa: ɗakin karatu na Hafiz Ahmad Aga, waƙafi tun 1793, a cikin wani ƙaramin tsakar gida mai inuwa. Akwai littattafan hannu na Larabci da Farisanci da Turkanci, har da Alƙur'anai rubutun hannu masu ado da ruwan zinare. Da safe ake samunsa a buɗe. Duk wanda ya taɓa riƙe allo zai daɗe a tsaye gaban gilashin nan. Kusa da shi akwai hasumiyar agogo, ana hawa a ga rufin garin duka, ƙubbobi da hasumiyoyin masallatai da na coci a cakuɗe.

Idan rana ta take, koma masauki. La'asar sakaliya ka dawo, wannan karon ba da taswira ba. Ka bar titin kasuwa ka kutsa kudu, cikin unguwannin da mazauna suke, inda za ka ga shanya a taga da kyanwoyi kwance a dokin ƙofa da bakunan dutse da aka gitta tsakanin gidaje saboda girgizar ƙasa. Ɓata a nan ba abin tsoro ba ne, ganuwar kilomita huɗu ce kawai, duk inda ka miƙe za ka ci karo da ita. A gabas akwai tsohuwar unguwar Yahudawa da wurin ibadarsu na Kahal Shalom, na 1577, mafi tsufa da ya rage a Girka. A Yulin 1944 sojojin Jamus suka kwashe Yahudawan garin sama da 1,600 zuwa sansanin Aushwits, kaɗan ne suka tsira. Akwai dutsen tunawa da su a dandalin unguwar.

Ka rufe yinin da gwalalon ganuwa, wanda a ganina ya fi fadar kanta. Busasshe ne, kyauta ake shiga, kuma da wuya ka haɗu da cunkoso. Kana tafe ganuwa na tsaye a dama da hagu, tsayin bene mai hawa da yawa. A cikin ciyawa za ka ga dunƙulallun duwatsun igwa a tare, wasu sai mutum ya buɗe hannu biyu kafin ya rungume ɗaya, an sassaƙe su sumul, har yanzu ana ganin sawun guduma a jikinsu. Sai ka tsaya kusa da su za ka gane abin da ake nufi da kewaye gari wata shida.

Mataki na 4: Mandiraki da tudun faɗuwar rana

Tashar ruwa ta Mandiraki tana wajen ganuwa ta arewa. A bakinta akwai ginshiƙai biyu, kowanne da barewar tagulla a kai. Masu jagora za su ce maka a nan ƙaton gunkin Rodos ya tsaya, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, jirage na wucewa ta ƙarƙashinsa. Gunkin dai an yi shi, na tagulla ne, tsayinsa kusan mita 33, an gama shi wajen shekara ta 280 kafin miladiyya, yana cikin abubuwan mamaki bakwai na duniyar dā, girgizar ƙasa ta kayar da shi a ta 226. Amma zancen buɗe ƙafa ƙirƙira ce ta mutanen baya, kuma ko ƙusa ɗaya ba ta rage daga jikinsa ba. Ka taka kan madatsar ruwan, ka wuce injinan niƙa uku masu aiki da iska, ka kai hasumiyar Nikolas, ka dawo. Rabin awa ne. Gaba kaɗan ta arewa akwai masallacin Murad Ra'is da maƙabartar Turkawa, duwatsun kaburburan manya an sassaƙa musu rawani a ka.

Da yamma ka hau tudun Monte Smith, tafiyar rabin awa a ƙafa daga gari. Akwai ginshiƙan haikalin gunki Afolo da tsohon filin tsere wanda mutanen gari ke motsa jiki a ciki har yau. Daga gefen yamma ake kallon rana tana faɗawa teku, duwatsun Turkiyya na hango ka.

Mataki na 5: Lindos da gaɓar gabas

Lindos tana kimanin kilomita 50 kudu da gari. Bas ɗin gabas na kamfanin KTEL ne, suna tashi daga bayan sabuwar kasuwa kusa da Mandiraki, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi. Na yamma da na cikin gari kuma na RODA ne, kada ka haɗa su. In za ka yi hayar mota, ka taho da lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa tare da naka na gida, da katin da za su riƙe kuɗin jingina a kai. Hannun dama ake tuƙi. Ka ɗauki hoton motar ta kowane gefe kafin ka ja ta.

Dokar Lindos guda ce: ka kasance a ƙofar dutsen lokacin buɗewa, ƙarfe takwas. Garin yana cikin kwari, iska ba ta ratsa shi, yana cikin wurare mafi zafi a Girka duka. Mota ba ta shiga, a sama ake ajiyewa a gangaro a ƙafa. Za ka ratsa lunguna masu farin fenti ka fara hawa. Akwai masu jakuna da ke ɗaukar mutane. Hawan bai wuce minti ashirin ba, kuma ganin ƙaton mutum bisa ƙaramin jaki a wannan zafin ba ya da daɗi, in kana da lafiya ka taka da ƙafarka.

A gindin babbar matakala ka dakata ka dubi hagu. An sassaƙa bayan jirgin yaƙi a jikin dutsen kansa, wajen shekara ta 180 kafin miladiyya, wutsiyarsa ta lanƙwaso sama, ana ganin wurin zaman matuƙi da filafilin tuƙa jirgin a gefe. Mutane da yawa suna wuce shi suna haki, idonsu na kan matakala. Daga nan za ka ratsa ƙofar barade mai duhu, ka fito fili, ka ga jerin ginshiƙai da wata faffaɗar matakala da ke hawa kamar ba ta da ƙarshe. A ƙolin, mita 116 sama da teku, haikalin gunkiya Atina Lindiya yake, ginin wajen shekara ta 300 kafin miladiyya, a daidai bakin gangare. Leƙa ƙasa ta kudu za ka ga wani ɗan tafki na teku da duwatsu suka kusan rufe shi, Kiristocin wurin suna cewa a nan Manzo Bulus ya sauka, sunansa ma yake ɗauke da shi. Duwatsun sama sun yi santsi saboda tafin ƙafa, katangar bakin kuma gajera ce a wasu wurare, ka riƙe hannun yaro. Babu inuwa, ka hau da ruwa.

Kana saukowa ayarin bas-bas na isowa. Ka zaga cikin garin ka leƙa gidajen tsofaffin matuƙan jiragen ruwa na ƙarni na 17, masu ƙofofin dutse da aka yi wa zanen igiya, da tsakar gida mai daɓen tsakuwa baƙa da fara. Sannan ka gangara ruwa.

Maganar bakin teku, gara a faɗe ta a fili. Shigar iyo ta Turawa sananniya ce, kuma a ƙananan wurare masu suna irin su tafkin Bulus ko gaɓar Antoni Kwin, jiki na gogar jiki ne. Iyalin da ke son sakewa su zo da sassafe, ko su nufi dogayen gaɓoɓi irin Afandu da Gennadi, inda za ka yi tafiyar minti biyar ka samu wuri kai kaɗai. Babu mai hana mace shiga ruwa da suturar iyo mai rufe jiki. Gadajen kwanciya da lema na haya ne, ka tambayi kuɗin kafin ka zauna.

A kan hanyar gari da Lindos akwai wurare uku da za ka iya ratsewa. Tsambika tana da yashi mai laushi da ruwa marar zurfi, ta fi ko'ina dacewa da yara, kuma a kan dutsen da ke samanta akwai ƙaramin coci da ake hawa da matakala kusan 300, inda matan da ke neman haihuwa ke zuwa addu'a. Efta Piges, wato maɓuɓɓuga bakwai, kurmi ne mai sanyi da ɗawisu ke yawo a ciki. Italiyawa sun haƙa wani siririn rami a ƙarƙashin ƙasa, sama da mita 150, don jan ruwa zuwa gonakin Kolimbiya, yanzu mutane ke bi ta ciki, ruwa mai sanyi iya idon sawu, duhu ƙirin, kafaɗa na taɓa bango. Mai tsoron ƙunci ya bi ta sama, akwai hanya. Na uku Kalitiya, wurin wankan magani da aka buɗe a 1929, mai ƙubba da ginshiƙai irin na Larabawa. Ruwan maganin ya daina aiki, ginin ne abin kallo.

Mataki na 6: yamma da cikin tsibiri, yini ɗaya da mota

Ka fara da tudun Filerimos, inda tsohuwar Iyalisos take, ga gidan ibada na barade da doguwar hanya mai itatuwa da ke kaiwa ga wani ƙaton gicciye. Minti arba'in sun isa. Daga nan sai kwarin Petaludes, wanda ake zuwa dominsa daga tsakiyar Yuni zuwa Satumba kawai. Dubban malam-buɗe-littafi ke taruwa a nan saboda laima da ƙamshin ƙaron wata bishiya. Da farko ba za ka gan su ba, sai idonka ya saba ka lura cewa abin da ka ɗauka ɓawon itace ne, fukafukai ne baƙaƙe masu ratsin fari, sun lulluɓe kututture. Idan ɗaya ta tashi sai ja mai haske ya bayyana a ƙarƙashi. An hana tafi da fito da girgiza reshe, kuma da dalili: a wannan matakin rayuwarsu kusan ba sa cin komai, da ƙarfin da suka tara suke jiran lokacin ƙwai, duk tashin banza yana rage musu kwana. Wanda ya zo a Mayu ko Oktoba zai tarar da kwari mai kyau, amma babu su.

Kamiros ita ce kufan da na fi so a tsibirin, domin gari ne sosai, ba haikali kaɗai ba. Yana kwance a kan gangare yana fuskantar teku, babban titi ya ratsa tsakiya, gidaje hagu da dama har yanzu ana gane ɗaki da tsakar gida. A sama akwai babbar matattarar ruwa ta ƙarni na shida kafin miladiyya, wadda ke raba ruwa ga gidaje ta bututun yumɓu. Nan ma babu inuwa.

In da sauran rana, ci gaba kudu ta ƙauyen Siyana ka sayi zuma, sannan ka ƙarasa Monolitos, ƙaramar ganuwar barade a kan wani dutse da ya tsaya shi kaɗai. Hawan minti goma ne, kyauta, kuma da yamma babu inda ya kai shi kallo. Hanyar tana da kwana-kwana, ka sha mai tun kafin ka bar bakin teku. Embonas, a gindin Atabiros, dutse mafi tsayi a tsibirin mai mita 1,215, garin inabi ne da giya, wanda ba ya sha bai rasa komai ba in ya wuce.

Can ƙarshen kudu akwai Parasonisi, kusan kilomita 90 daga gari, inda wani zirin yashi ya raba ruwa biyu, ɗaya na tumbatsa ɗaya a kwance. In ba wasan iska a kan ruwa ya kawo ka ba, tafiyar ta fi kallon yawa. Wanda ya je kada ya shigar da motar haya cikin yashin, inshora ba ta biyan wannan.

Mataki na 7: ci da salla

Naman da ake yankowa daga sanda mai juyawa, giros, da tsirensu, suflaki, in ba a faɗa maka wani abu ba na alade ne. Kalmar alade a bakinsu hirino ce, kaza kotopulo, rago arni. Ko na kazar ma sau da yawa wuƙa ɗaya da farantin gashi ɗaya ake amfani da su, ban da batun yanka. Mafi kwanciyar hankali shi ne kifi da ganye, kuma a nan Girkawa ba su da na biyu. Ka nemi pitarudiya, abincin tsibirin, wanda ɗan'uwan ƙosai ne, sai dai da wani farin wake mai ƙwaya ƙulu-ƙulu ake yi, a sa albasa da tumatir da na'ana'a. Akwai salak da cuku da man zaitun, da wake gasasshe cikin tumatir, da ganyen inabi naɗe da shinkafa, shi ma ka tambaya ko da nama a ciki. Babban kifi da kilo ake sayarwa, ka sa a auna a gabanka a faɗa maka kuɗin kafin a ɗora a wuta. Wasu miyar nama da giya ake dafa su. Bayan cin abinci mai gida yakan kawo ɗan ƙaramin kofi na farin abu kyauta, ba ruwa ba ne, barasa ce da suke kira suma ko uzo. Ka dafa ƙirji ka yi godiya, ba sa jin haushi. Tsarabar da ta fi dacewa ita ce melekuni, alewar riɗi da zuma da suke rabawa a bikin aure.

Akwai Musulmi 'yan asalin tsibirin, 'yan dubbai, zuriyar Turkawa. Musayar jama'a da aka yi tsakanin Girka da Turkiyya a 1923 ba ta shafe su ba, saboda a lokacin Rodos na hannun Italiya. Masallacinsu shi ne na Ibrahim Fasha, ginin 1540, a cikin tsohon gari kudu da titin Sokratus, kuma a nan ake Juma'a. Ka je da wuri ka tabbatar da lokaci. Alƙibla a nan ba gabas ba ce kamar yadda ka saba, kudu maso gabas ce. Da bazara agogonsu yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu, kuma a Yuni magariba sai wajen takwas da rabi na dare.

Mataki na 8: yinin da ya rage

Daga Mandiraki da tashar da ke kusa da ita jirage na zuwa tsibirin Simi kullum da bazara, awa ɗaya zuwa biyu gwargwadon jirgin. Shigar tashar Simi, da gidaje masu launin ƙwai da ja da shuɗi jere a jikin dutse, ta isa dalilin zuwa. Ka zaɓi jirgin da zai ba ka aƙalla awa uku a garin, domin wasu suna cinye rabin yinin a gidan ibada na Panormitis. Ranar da meltemi ta tashi, mai jin jiri a ruwa ya sha magani tun kafin a tashi.

Za ka kuma ga allunan tallar zuwa Marmaris ta Turkiyya, awa ɗaya a jirgi mai gudu, a je a dawo a yini. Kafin ka ciro kuɗi, buɗe fasfonka ka duba bizarka. In ta shiga sau ɗaya ce, da zarar ka fita daga Rodos zuwa Turkiyya ta ƙare, ba za a bar ka ka dawo ba, ga kayanka a otal, ga jirginka na komawa gida daga Atina. Ko mai shiga da yawa ce, Turkiyya na da nata sharuɗɗan biza dabam, waɗanda ake kammalawa tun kafin ranar tafiya. Mai sayar da tikiti a bakin tasha ba lallai ya tambaye ka ko ɗaya daga cikin biyun ba.